Wurin Kakata da Wani Ɗan Dodon Koɗi na Tekun Arewa

A cikin aljihun teburina na ofis akwai wani tsohon gwangwanin alewa, a cikinsa kuma akwai ƙwanso guda 8. Guda 7 wuri ne, irin wanda kakanninmu suka yi saye da sayarwa da shi, asalinsu kuma daga ɗakin kakata ta wajen uwa suke, a garinmu Zauro, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Na takwas ɗin bai wuce ƙwayar wake girma ba, ni da kaina na zo da shi daga bakin teku a can ƙarshen arewacin Sikotlan. Duk shekara, idan muka zo kan darasin ƙidaya da ma'auni a al'adun Hausawa, nakan tafi aji da gwangwanin nan in zazzage shi a kan tebur. Abin da nakan gani bai cika canzawa ba: na gaba sukan ja jiki baya, wani ya yi a'uziyya ciki-ciki, wata ta ce, "Malam, ai wannan kayan bokaye ne." Sai in tambaye su ma'anar maganar da suke ji kullum a rediyo, cewa an kashe kuɗi wuri na gugar wuri har naira miliyan kaza. Mafi yawansu sukan ce ai wurin zama ake nufi, wato kuɗin sun cika ɗaki har suna gogayya. Da wuya a sami mutum biyu a aji da suka san cewa abin da suke gudu a kan tebur shi ne wurin da ake magana. Har yau kuwa ban sami wanda ya san cewa wuri halitta ce mai rai kafin ya zama kuɗi ba. Ba na ganin laifinsu, domin ni kaina sai da na haura shekara 40 a duniya kafin in tsaya in yi wannan tunani.

Tukunyar Kaka

Kakata tana da wata tukunya mai ƙaramin baki a ƙuryar ɗakinta, an rufe ta da faifai an ɗora dutse. Na san abin da ke ciki ne ina ɗan firamare, ranar da na faki idonta na ɗebi cikin tafin hannu domin mu yi wasa da shi a bakin fadama. Mu yaran kwarin Rima ba baƙin ƙwanso ba ne. Idan ruwa ya janye bayan damina, fadama cike take da katantanwa, mukan gyara ta mu yi ta murzawa tana juyi a kan busasshiyar ƙasa. Akwai kuma makankari, wanda iyayenmu mata suke kankare tukunya da shi. Waɗannan duk mun san masu su, domin mun sha ganin dodon koɗi yana jan gidansa a kan karan shinkafa. Shi kuwa wuri bai yi kama da gidan kowa ba. Ba a ganin murɗi a jikinsa irin na katantanwa, santsi gare shi kamar tangaran, ga wata tsaga mai ƙananan haƙora a cikinsa. A zatona wani irin dutse ne, ko kuwa wani abu da aka ƙera a wata ƙasa mai nisa.

Ban kai ƙofar gida ba ta cim mini. "Kai miji, maido min kuɗɗina! Wanga ba abin wargi ba na." Ban taɓa ganin ta ɓata rai da ni irin na ranar ba, alhali kuwa tsakaninmu wasa ne kullum, irin na kaka da jika. Da ta huce, sai ta shimfiɗa tabarma, ta zuba kaɗan daga cikin tukunyar, ta nuna mini yadda ake ƙirga su. Biyar-biyar take ja da yatsunta, da sauri har ido ba ya iya bi. Ja huɗu ta ce hauya ke nan, wato 20. Hauya 5 sun zama ɗari, a ture su gefe. Idan ɗari-ɗari suka taru suka kai dubu 10, ta ce zambar goma. Dubu 20 kuwa keso, kayan ƙato guda ke nan a ka.

A shekarar da hakan ta faru, wato 1973, aka canza kuɗin Nijeriya daga fam da sule zuwa naira da kwabo, mutanen gari suna ta ruɗewa wajen lissafi a kasuwa. Kaka ta yi ta yi musu dariya. "Na ga mutuwar kuɗɗi tun ina yarinya," in ji ta, "wagga ta biyu ta." Na tambaye ta dalilin da ya sa take ajiye da matattun kuɗi a ɗaki, har tana faɗa a kansu. Ta mayar da faifan, ta ɗora dutsen, ta ce sai na girma. Na girma, ban koma na tambaya ba, har Allah ya yi mata rasuwa ina can ina karatu a wani gari.

A bakin tekun Sikotlan

Shekaru da yawa bayan haka, na sami damar zuwa wata jami'a a Sikotlan na 'yan watanni. Wani abokin aiki ya gayyace ni ƙauyensu kusa da John o' Groats, a ƙarshen arewa na babban tsibirin Birtaniya, inda ake hango tsibiran Okni a tsallake. Wai lokacin zafinsu ne, amma iskar da ke tasowa daga teku ta fi hunturun Zauro cizo. Da yamma ruwan teku ya ja baya kamar yadda yake yi sau biyu a yini, muka sauka kan rairayi tare da mahaifiyarsa, tsohuwa mai fara'a, tana tafe a sunkuye tana tona yashi da yatsa kamar mai kalar gyaɗa. Can sai ta miƙe ta sa mini wani abu a tafin hannu. Ban san lokacin da na ce "Wuri!" da Hausa ba. Ga ƙundun bayan, ga tsagar cikin, sai dai wannan ƙarami ne ƙwarai, tsawonsa kamar santimita 1, kuma a maimakon santsi, wasu siraran layuka ne suka kewaye shi kamar zanen ƙwarya.

Mutanen wurin suna kiransa groatie buckie. Masana ilimin halittu kuwa suna kiransa Trivia arctica, kuma wani Bature mai suna Pulteney ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1799. Dodon koɗi ne na ruwan gishiri, ana samunsa tun daga gaɓar Norwe, ya biyo ta Birtaniya har zuwa Bahar Rum. Yana da ɗan'uwa na kusa, Trivia monacha, wanda ake ganewa da ɗigo 3 masu duhu a bayansa. Abincinsa wasu halittu ne masu laushi da ke manne a jikin duwatsun teku a dunƙule, a cikin jikinsu ne ma yake saka ƙwansa. Masanan farko sun haɗa shi gida ɗaya da wurinmu saboda kamannin, daga baya aka raba musu dangi, amma ba su yi nisa da juna ba.

Tsohuwar ta ce a al'adarsu duk wanda ya sa guda ɗaya a jakar kuɗinsa, jakar ba za ta taɓa zama wayam ba. Na ce mata mu a ƙasarmu ɗan'uwan wannan shi ne kuɗin da kansa, da shi aka yi sadaki, da shi aka biya haraji, har ma kalmar kuɗi a harshenmu jam'in sunansa ce. Ta yi mamaki, ta ce ashe garinmu a bakin teku yake. Na ce a'a, tsakaninmu da teku mafi kusa ya fi kilomita 600. Ta ce to daga ina kuka samo shi? Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. Ga ni malamin Hausa, na koyar da tilo da jam'i na wuri da kuɗi ba adadi, na koyar da bambancin karin sauti tsakanin wuri mai sama-ƙasa da wurin zama mai sama-sama, amma tambayar da tsohuwa ta yi a tsaye a kan yashi ta fi ƙarfina.

Kashegari ruwa ya ja baya sosai, abokina ya yi ta juya duwatsu har ya samo mini mai rai. A cikin ɗan ruwan da ya kwanta, na ga wata fata mai laushi ta fito daga tsagar nan ta ɓangarori biyu ta lulluɓe ƙwanson, ga 'yan ƙahoni biyu, yana jan ciki sannu a hankali kamar na fadamarmu. Ashe tsagar nan mai haƙora ƙofar gida ce. Ashe kowane wuri da ke cikin tukunyar Kaka sai da wani abu mai rai ya mutu a cikinsa.

Hanyar da wuri ya biyo

Ragowar watannina a can na ƙarar da su a laburare ina neman amsar tambayar tsohuwar. Zan taƙaita abin da na samu, ko da yake na san da yawa daga masu karanta wannan mujalla sun riga ni saninsa.

Wurin da ya fi daɗewa a hannunmu shi ne wanda masanin nan Linnaeus ya sa wa suna Cypraea moneta a 1758, yanzu kuma ake kira Monetaria moneta; ita kalmar moneta kuɗi take nufi da Latin. Ba ya rayuwa a ruwan sanyi, kuma babbar matattararsa ta ciniki ita ce tsibiran Maldif a Tekun Indiya. Mutanen wurin sukan jefa ganyen kwakwa a ruwa marar zurfi, dodannin su hau su manne, a jawo su waje a bar su a rana ko a rami har naman ya ruɓe, a wanke ƙwanson. Fatar nan da na gani tana lulluɓe ɗan na Sikotlan, irinta ce take shafe bayan wuri tana ba shi santsi da sheƙi. Ibn Battuta ya zauna a Maldif wajen 1343 zuwa 1344, ya kuma ba da labarin cewa a can ana ba da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya na zinariya, wani lokaci ma fiye da haka. Bayan kamar shekara 10 ya iso ƙasar Mali da birnin Gawo, ya tarar da wuri 1,150 ne dinari. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ita ce ta ɗauki wuri ta ƙetare teku da hamada da shi.

Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. A nawa ganin, ya kamata mu mutanen yamma mu karanta wannan magana da lura, domin ƙasar Kabi tun zamanin Kanta, a ƙarni na 16, maƙwabciyar Songhai ce, Gawo kuwa ta san wuri tun kafin a haifi Kanta. Yana yiwuwa kwarin Rima ya riga Kano ganinsa. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, yawan da ya mai da shi kuɗin kowa da kowa daga kudu ya taso, ta ƙasar Yarbawa da Nufe, ya biyo Kwara da hanyoyin fatake.

A nan ne tekun arewa mai sanyi ya shigo labarin. Tun daga ƙarni na 16 Turawan Fotugal, daga baya kuma na Holan da Ingila, suka riƙa loda wurin Maldif a ƙasan jiragensu domin ya danne su kada igiyar ruwa ta kifar da su. Jiragen sukan kewayo ta ƙarshen kudancin Afirka su wuce mu, su sauke shi a Amstadam da Landan, a yi gwanjonsa, sannan a sake loda shi a wasu jiragen zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, musamman tashar Wida. Abin da ake saya da shi a can kuwa mutane ne. Jan Hogendorn da Marion Johnson, a littafinsu na 1986 a kan wuri da cinikin bayi, sun ƙiyasta cewa a ƙarni na 18 kaɗai an shigo da wuri fiye da biliyan 10. Ke nan ba mamaki wasu daga cikin na gwangwanina sun taɓa yin hunturu a sito a bakin tekun da na tsaya a gaɓarsa, kafin su san zafin Zauro.

Wuri ya karɓu ne domin ya dace da kasuwarmu. Ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, maƙeri ba ya iya yin jabunsa, kuma ƙanƙantar darajarsa ta sa mace mai wuri 5 ma tana da abin saye. Matsalarsa nauyi da ƙidaya. Wuri 400 na Maldif sukan yi nauyin laba ɗaya, ke nan keso guda ya kusa kilo 23. Heinrich Barth, wanda ya ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu, ya bayyana wahalar ƙirga wuri 500,000 da ya gani a Tasawa a 1851, biyar-biyar kamar yadda Kaka ta nuna mini. A shekarar ya tarar da dala ɗaya ta azurfa tana wuri 2,500 a Kano.

Daga wajen 1845, 'yan kasuwar Hambug ta Jamus suka gano cewa mutanen gaɓarmu za su karɓi wani wurin daban, Monetaria annulus, mai zobe ruwan ɗorawa a bayansa, wanda ake samu da arha a wajen Zanzibar. Suka yi ta kwararo shi jirgi bayan jirgi. Yawa ya karya daraja, faɗuwar ta taso daga bakin teku ta yi ta hawowa arewa. C. H. Robinson, wanda ya zo Kano a tsakiyar shekarun 1890, ya ba da labarin yadda ya rasa yadda zai yi da dokinsa marar lafiya, domin idan ya sayar da shi, 'yan dakon da za su ɗauki wurin za su cinye kuɗin a hanya. Da na dawo na duba nawa guda 7, sai na ga 3 masu zobe ne.

Abin da tukunyar ta ƙunsa

Da na komo Zauro na kai wa mahaifiyata tsaraba, na nuna mata ɗan ƙwanson Sikotlan, na kuma shiga ba ta labarin Maldif da Amstadam da jiragen bayi, ina jin daɗin kaina irin na wanda ya yi sabon karatu. Ta yi shiru har na gama. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai, zamna in hwaɗa ma abin da tsohuwa ta hana a hwaɗi." Na daɗe ina shawara da zuciyata kafin in rubuta abin da ya biyo baya, na kuma nemi izininta ta ba ni.

Kakar kakata baiwa ce. An kamo ta tana yarinya daga wani gari na kudu wanda ita kanta ta manta sunansa, aka sayar da ita a kasuwar Jega, wadda a ƙarni na 19 tana cikin manyan kasuwannin ƙasar Gwandu. Abin da aka riƙe a gidanmu shi ne keso biyu aka biya. Ta girma a gandun ubangidanta, aka aurar da ita ga wani bawa, ta haifi 'ya mace, wadda bisa doka ita ma mallakar ubangidan ce. Daga baya aka yarda mata ta yi murgu, wato ta yi sana'ar kanta tana biyan ubangida wani abu a kai a kai. Ta kama kaɗi da gyaran shinkafa, abin da ya ragu bayan murgu take jefawa a tukunyar nan. Ba fansar kanta take tarawa ba, ta 'yarta ce.

Shekarun da ta yi tana tari su ne shekarun da wurin Zanzibar yake cika kasuwa. Ba ta san Hambug ba, abin da ta sani shi ne duk sa'ad da ta je ta ce ta kusa cikawa, sai a ce mata ai kuɗin yanzu ba kamar na da ba ne, a ƙara. Sannan Turawa suka ci Sakkwato a Maris na 1903. Dokarsu ta 'yanta yaran da aka haifa daga Afrilun 1901, amma 'yarta ta riga wannan lokaci, saboda haka hanyar fansa ce dai ta rage mata. Su kuma Turawan suka hana shigo da wuri, suka kawo nasu kuɗin ƙarfe, suka karkata haraji zuwa gare su, a 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma. Ranar da tsohuwar ta sa aka ɗauki tukunyar aka kai zaure, ubangidan ya ce shi sule yake so. A ƙarshe mai neman auren 'yar ne ya fanshe ta da azurfar Turawa, ya aure ta, suka haifi Kaka. Tukunyar ta koma ƙurya yadda ta fito.

Harshenmu ya adana lissafin wannan asara. Sisin kwabo, wato rabin kwabo na zamanin Turawa, har ya bar hannun mutane ana kiransa ɗari, domin a wani lokaci wuri 100 ne canjinsa. A wannan lissafi sule ɗaya wuri 2,400 ne, keso guda kuwa, kayan ƙato, sule 8 da kwabo 4. Wanda ya ga yadda mutanen ƙauyukanmu suka yi ta yawo da tsofaffin takardun naira a farkon 2023 ana ƙin karɓa, ya ɗanɗani kaɗan daga abin da ake nufi, sai dai su an dawo an karɓi nasu.

Na tambayi mahaifiyata ina tukunyar take. Ta ce bayan sadakar bakwai ta Kaka, da aka zo rabon kayan ɗaki, wasu daga cikin dangi suka ce wannan kayan duba ne, bai halatta ya kwana a gidan Musulmi ba. Waɗanda suka san asalin abin suka yi shiru, domin faɗar gaskiya tana nufin tona abin da aka daɗe ana rufewa. Aka sa yara suka kai tukunyar gulbi suka juye. Ita ce ta sunkuya ta tsince guda 7 da suka zube a tsakar gida, ta ƙulle a gefen zane. Ranar da ta ba ni labarin ta kwance su daga wani tsumma ta ba ni.

Abin da ya rage a baki

Wuri ya bar kasuwa ya saura a hannun masu duba da 'yan bori da masu ado, shi ya sa ɗalibaina suke ja da baya idan sun gan shi. Amma bai bar bakinmu ba. Ba a yini Bahaushe bai ambaci kuɗi ba, kuɗi kuwa jam'in wuri ne, a bakin mutanenmu na yamma kuɗɗi. Ba mu kaɗai ba ne a wannan: sunan sidi, kuɗin Gana tun 1965, daga kalmar wuri ta harshen Akan ya fito. Bambancin shi ne su sun zaɓi sunan suna sane, mu kuwa muna furta namu ba mu san abin da muke ambata ba.

Wannan ne ya sa nake ganin akwai aiki a gabanmu, mu masu nazarin Hausa, kuma lokacinsa yana ƙurewa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya taskace da dama daga cikin kalmomin ƙidayar wuri, amma ƙamus ba ya nuna yadda yatsu suke ja, ba ya kuma faɗin abin da aka saya. Waɗanda suka yi ciniki da wuri sun ƙare, saura waɗanda suka ji daga bakinsu, irin mahaifiyata, su ma 'yan kaɗan ne. A Jega da Argungu da Kamba da Birnin Kebbi da ƙauyukan da ke tsakaninsu, ina kyautata zaton akwai sauran tukwane a ƙuryoyin ɗakuna, da tsofaffin da suka san hauya da keso, da labaran sadaki da gado da murgu da fansa da aka lissafa da wuri. Ɗalibi ɗaya mai rikoda da haƙuri zai iya samo abin da ba ya cikin littafin Barth. Sai dai duk wanda zai yi wannan aiki ya shirya jin abin da gidaje ba su son a ji, ya kuma san yadda zai riƙe amanar masu ba shi labari. Nazarinmu ya fi sakewa wajen sarauta da waƙa da karin magana, yakan yi ɗari-ɗari idan an zo kan bauta, alhali kuwa da wanda aka saya da wanda ya saya duk kakanninmu ne, wasunmu ma jinin duka biyun ne.

Tun daga bara na canza yadda nake gabatar da darasin. Nakan fara da ɗan na Sikotlan, domin ba wanda yake tsoronsa. Ya zagaya hannu-hannu, in gaya musu yadda na gan shi da rai yana jan ciki a ƙarƙashin dutse. Sannan in fito da sauran, in nuna masu zobe da marasa zobe, in sa su ƙirga tsakuwa biyar-biyar har hauya, har ɗari. A ƙarshe in ba su labarin tukunyar, in kuma gaya musu ko jikan wace ce yake tsaye a gabansu. A zangon da ya wuce, bayan an tashi, wata ɗaliba ta tsaya har kowa ya fita, ta ce a ɗakin kakarta ma akwai irinsu cike da wani tsohon tulu, an kuma yi maganar zubarwa. Na ce ta je ta roƙa a dakata, ta zauna da tsohuwar tun tana da rai, ta tambaye ta abin da ni ban koma na tambayi tawa ba.

Allah ya jiƙan Kaka, ya jiƙan mahaifiyarta da aka fansa, ya jiƙan wadda ta tara, da dukkan magabatanmu.